Gorar Kananzir

Shekara goma sha tara ina tsaye gefen yayana a shagonmu na Kalgo, shi yana juya hannun injin yankan ƙarfe, ni ina ɗiga kananzir a bakin yanka ina share ɓurɓushi da buroshi. Aikina ke nan. Alminiyum in ya ji zafi narkewa yake ya manne wa baki kamar ƙanzo a tukunya, daga nan sai karyewa, shi ya sa ake ɗiga masa kananzir.

Wata biyu da rasuwarsa wani dattijo ya zo daga Dalijan da farantin alminiyum da injin ban-ruwansa ke zama a kai, yana son a tsaga masa dogon rami inda noti zai riƙa zamewa a ɗaure bel.

"Malam, albasata kwana ukku ba ta sha ba," ya ce. "In wanga abu bai gyaru yau ba, ta tahi."

Baki mai milimita shida guda ɗaya ya rage mana, kuma ba a samun irinsa sai Sakkwato. Na ji tsoro. Na rage gudun injin, na riƙa tura farantin a hankali kamar mai lallashi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, amma su ba su taɓa yanka alminiyum ba. Bakin ya daina ci ya koma guga, ya fara kuka, ɓurɓushin ya zama gari. Na kashe injin. Hannu ɗaya na juyi, ɗaya na buroshi, babu na kananzir.

Na ɗauki allura na ɓanɓare abin da ya manne, ina jin haushin mamaci, Allah Ya gafarta masa, da bai taɓa sakar mini hannun injin ba ko sau ɗaya. Abin da na sani duk ta kunne na sani. "Kak ka yi mai rowa, kak ka yi haɗama," haka yake cewa. Wato kada a zurfafa, amma a tura da zuciya ɗaya.

Na huda murfin gorar roba da allurar, na cika ta da kananzir, na rataye ta da waya saitin bakin. Na mai da gudun yadda yayana yake barinsa, zurfi milimita ɗaya da rabi kowane zuwa. Na tura. Kukan ya ɗauke, ɓurɓushi ya riƙa fita a nannaɗe yana ƙyalli. Zuwa shida, ramin ya fita tas.

Dattijon ya sa albarka, ya ɗaure farantin a bayan babur ya tafi.

Na waiwaya in ga ko yayana zai gyaɗa kai, sai gorar nan na gani tana ɗiga a inda na saba tsayawa. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Tana nan har yau, ita nake wa magana in aiki ya yi kyau.