Zanen da Ke Ƙarƙashin Tabarma

Bana shekara ashirin ke nan da ginin zaure ya faɗo wa maigidana a Safana. Ba zan kama sunansa ba. Mutanen garinmu Karare sun san maginin da ke yi wa fuskar zaure zane.

Ga yadda yake aiki. Mai son zane shi zai tako ƙofar gidanmu da ƙafarsa, su tsuguna. Maigida ya tambaye shi, "Me kake so mai wucewa ya ce in ya dubi gidanka?" Sannan ya share ƙasa ya zana da yatsa. Abin da bai yi wa mutum ba, mutum ya sa ƙafa ya goge. Yakan ce a ƙasa gyara ba ya cutar kowa, amma in laka ta hau bango, magana ta ƙare.

Ana nan sai wani dillalin gyaɗa na Safana ya aiko da goron aiki, maigida ya karɓa. Ya yi zanen, ya rufe da tabarma yana jira. Dillali bai zo ba, sai aike, kullum da sabuwar magana. Da bango ya tashi, sai ga dillalin ya iso bisa doki, ya ce a ƙara tsawo, a ɗora zankwaye, ƙahonnin saman gini, su fi na maƙwabcinsa, kafin Bature ya biyo rangadi.

Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, ginin ɗanye ne, ba zai ɗauka ba."

Ya ce, "Magini, gidan naka ne ko nawa?"

Wanda ya ci goron aiki ba ya janyewa. Ya hau. A amalanke aka kawo mana shi.

Yau siminti ya shigo Batsari, an ce masu gida hoto suke miƙa wa magini su ce yi mani irin wannan, su juya. Da maigida yana nan, na san abin da zai tambaya: to, wa ya tsuguna?

Zauren wani mahauci a Runka, wanda ya yi ta gogewa har suka daidaita, yana tsaye har gobe.

Da na fita takaba na ɗaga tabarmar nan. Maigida bai taɓa yin zane mai kyawunsa ba. Bayan shi, ni kaɗai na gani, kafin ruwa ya wanke.