Maijidda da Takardar Idrisu

A unguwar Asata ta Inugu aka haifi Maijidda, 'yar wani mahauci da ya zo Inugu tun yana saurayi. Tana jin Ibo kamar Hausa. Shekara goma sha tara tana buga wa mutane takardu a ɗan shagonta, tun zamanin tafireta har ta sayi kwamfutar tebur. Ita ke buga takardar shaida ta ƙungiyar 'yan baro, wadda ke aiki wata shida. Ba a taɓa dawo mata da ko ɗaya ba sai bara.

Kwamfutar ce ta lalace, mai gyara ya sake mata manhaja, ya tafi. Ran biyu ga Disamba ta buga wa Idrisu, wani ɗan baro daga Gumel, takardarsa. Kwanan wata kuwa na'urar ce ke sakawa da kanta.

Bayan kwana uku 'yan sintiri suka tare shi. Suka ga 12/2 a takardarsa, suka ce tun sha biyu ga Fabrairu aka ba shi, ta daina aiki. Kwana biyu yana tsare.

Alhaji Yahya, shugaban ƙungiyar, ya zo ƙofar shagon yana ɗaga murya a gaban jama'a. "Idan idonki ya mutu ki faɗa mana! Kin sa an kulle bawan Allah!"

"Alhaji, tsaya mu duba."

Bai tsaya ba. Ko wajen Idrisu bai je ba. Ita ce ta hau okada ta je ofishin 'yan sintirin, ta yi musu bayani da Ibo, ta nuna musu ranar da Idrisu ya shiga ƙungiyar, suka sake shi.

Da ta dawo ta kira mai gyara, ta faɗa masa yadda kwanan watan ya fito. Ya yi dariya a waya. "Madam, tsarin Amurka ne, wata kafin rana. Kowa ya sani."

"Kowa? To me ya hana ka faɗa mini?"

Ta kashe wayar, ranta na tafasa. Ta zauna ta yi ta lalube cikin saituna har ta gano wurin zaɓen ƙasa. Ta cire Amurka ta sa Najeriya, ta zaɓi rana, wata, shekara, ta kuma sa sunan wata ya riƙa fitowa da haruffa. Nan take kwanan watan da ke ƙasan allo ya gyaru. Aikin minti biyu! A kansa mutum ya kwana biyu a kan siminti.

Ta bi 'yan baro bakwai da ta buga wa takarda a makon, ta sake musu sababbi. Alhaji Yahya bai ba ta haƙuri ba, ya ma kai aikin ƙungiyar wani shago a unguwar Uwani. Maijidda na nan a Asata, kuma har yau in suka haɗu ita ke fara gaishe shi, don ya girme ta.