Ranar da na kai Yaya kan dutse

Ni na kawo maganar, shi ya sa har yau ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Bayan na yi ritaya na dawo Kaduna, na gano wani ɗan dutse a bayan Kudenda, can inda masana'antu suka ƙare gonaki suka fara. Fili ne sake, ba shinge ba mai gadi. Wata siririyar hanya ta hau ta gabas, ta zagaya ƙeyar dutsen, ta sauko ta yamma, ta dawo da mutum inda ya ajiye mota. In ni kaɗai ne, minti arba'in na gama. A Jamus, inda na yi karatu, irin wannan hanya za ka tarar an shafa wa bishiyoyi fenti don kada ka ɓata, an kuma ajiye benci duk inda numfashi kan ƙare. Tamu kuwa masu itace ne da masu hawa addu'a suka yi ta takawa har ta zama hanya.

Yayana ya girme ni da shekara shida. Ya yi aikin masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, tun daga nan yana Makera, daga gida sai masallaci. Wata Asabar a ƙarshen damina na ce ya zo mu miƙe ƙafa.

"Baturen gidanmu," in ji shi, "mutum da kujerarsa, ya hau dutse ya zagaya ya dawo inda ya tashi. Me aka samo?"

"Lafiya, Yaya."

"To mu je mu ga lafiyar."

Ya fito da kaftani mai guga da hula da takalmi sau-ciki na zuwa Juma'a. Na dubi takalmin, na buɗe masa ƙofar mota.

Muna sauka daga mota ya shige gaba. Haka muka taso a gidanmu, ƙane ba ya tafiya gaban wansa. Bai san hanyar ba, don haka daga baya nake ce masa dama, hagu, a kula da santsi. Sauri kuma yake yi, irin saurin da bai dace da mai shekara saba'in da shida ba, domin ya san ina kallon bayansa. Da ni ne a gaba, da na ja tafiyar a hankali, na riƙa tsayawa kamar ina duba wani tsiro.

Kafin mu kai sama gumi ya jiƙa masa baya. Na ga yana kai hannu ƙirji, yana yi kamar aljihu yake gyarawa. Sau uku ina tambayarsa, sau uku yana cewa lafiya lau. A Jamus na zauna da mutanen da in ka ce musu ya jiki za su gaya maka inda ke ciwo da ranar da ya fara. Mu namu, ko a kan gadon asibiti, da sauƙi ne. Na san haka sarai, amma na karɓi amsar, domin ita nake so in ji.

A ƙeyar dutsen ya zauna kan wani falalen dutse, ba tare da ya duba ko akwai ƙura ba. Daga nan ana hango rufin masana'antu da kogin Kaduna da kwanukan rufin gidajen Unguwar Mu'azu a cunkushe. Bai dubi ko ɗaya ba. Leɓensa ya yi fari, numfashinsa gajere-gajere. Nan ne daidai tsakiyar zagayen, gaba da baya duk tsawonsu ɗaya, kuma ba inda mota za ta iya hawowa.

Na ciro waya zan kira babban ɗansa.

"Mayar da ita aljihu."

"Yaya, jikin nan..."

"Na ce ka mayar."

Na mayar. Na durƙusa na ce ya dafa kafaɗata mu sauka a hankali. Ya dube ni ta gefen ido.

"Ni na goya ka zuwa makarantar allo. Yau kuma kai za ka ɗauke ni? Bari in huta."

Ina jin harsuna biyar, na yi gardama da manyan injiniyoyi a ƙasashe da yawa, amma ban san yadda ake ba wa yayana umarni ba. Na tsaya a kansa ina tare masa rana da jikina. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba.

Sai ga wani mutum ya sauko daga wajen da Kiristoci ke addu'a, da littafinsa a hammata da gorar ruwa a hannu. Zai yi shekara hamsin, ƙaƙƙarfa. Daga baya ya gaya mana shi Ibo ne, makanike a Kakuri. Kallo ɗaya ya yi wa Yaya ya ajiye littafin a hannuna.

"Baba, injinka ya yi zafi," ya ce, Hausarsa tana gauraye da Turancin buroka. "Sha ruwa. Cire takalmin nan, zai kayar da kai."

"Injin tsohon yayi ne," in ji Yaya da ƙyar. "Ba a samun kayan gyaransa."

"A Kakuri muna samu. Oya, riƙe wuyana."

Yaya ya riƙe. Ko musu bai yi ba. Mutumin ba ƙanensa ba ne, bai taɓa goya shi ba, ba kuma zai gan shi gobe a gidan suna ba.

Saukar ta ci fiye da awa guda. Taku goma, a tsaya. Makaniken yana ta surutu don kada Yaya ya yi shiru, yana tambayarsa labarin masaƙa. Ni ina biye da su da takalmi a hannu ɗaya, littafin addu'ar wani a ɗayan.

Da muka sa shi a mota, mutumin ya leƙo ta taga ya ce mini, "Alhaji, asibiti kai tsaye. Kada ka biya ko'ina." Na ce to.

Mun kai mararrabar da ake juyawa zuwa asibiti, na rage gudu, na kunna sigina. Yaya yana jingine, idonsa a rufe.

"Gida," ya ce.

"Minti goma kawai, su auna ka."

"Gida. Kuma kada in ji maganar nan a bakin Hajiya."

Motar da ke bayana ta yi ta hon. Na kashe sigina na miƙe zuwa Makera.

A ƙofar gida ya sa takalminsa, ya gyara hula, ya shiga da ƙafarsa, yana dafa bango inda yake ganin ba mai kallo. Matarsa Hajiya ta fito daga kicin tana goge hannu, ta bi shi da ido har ya shige ɗaki, sannan ta juyo gare ni.

"Kun daɗe. Lafiya dai ko?"

Daga cikin ɗaki na ji ya yi gyaran murya.

"Lafiya lau, Hajiya," na ce.