Ranar da Na Miƙa Dorina

A makarantar kwanan da na yi, can bayan garin Rano, wanda aka naɗa shugaban aiki, wato Lebo, dorina yake gada. Malamai ne ke zaɓar mutum, amma dorinar ba ta hannunsu take bi ba, daga Lebo mai fita take zuwa hannun Lebo mai shiga. Ranar da 'yan aji shida suka gama jarrabawar ƙarshe, sai a taru bayan ɗakin kwana, sabon Lebo ya tuɓe riga ya rungumi darbejiya, tsohon ya zuba masa goma sha biyu, sannan ya danƙa masa ita. Wai don ya san ɗanɗanon abin da zai riƙa rabawa. Ni ma haka aka yi mini, har yau akwai tabon guda biyu a bayana.

Shekara guda na riƙe ta, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinta. Ɗan manomi ne ni daga Nariya. A gidanmu ko akuya ba ta jin tsawata, amma a makaranta in na yi gyaran murya sai yara ɗari su miƙe tsaye. Na daki mai laifi, na daki wanda ke kusa da mai laifi, na daki wanda kawai tafiyarsa ce ba ta yi mini ba.

Akwai wani Bafulatani ɗan aji biyar, dogo, marar magana, daga Kahu. Iyayensa makiyaya ne da suka zauna wuri ɗaya suna noma. Wata Asabar muna cirar gyaɗa a gonar makaranta, na gan shi ya bar layinsa yana taya wani ɗan aji ɗaya da ya gaji. Na lallaɓo ta baya na ɗaga dorina. Daidai lokacin ya waiwayo, bakinta ya same shi a idon hagu. Bai yi ihu ba, sai ya durƙusa ya dafe wurin, jini da ruwa suna bin tsakanin yatsunsa suna ɗiga kan gyaɗa. Da malamai suka tambaye shi, ya ce kara ne ya tsokane shi, don a wurinmu mai kai ƙara ya fi ɓarawo baƙin jini. Bayan wata guda idon ya yi fari fat, bai ƙara gani da shi ba.

Shi malamai suka zaɓa ya gaje ni, saboda ba wanda ya kai shi aiki. Kuma a makon da aka faɗi sunansa, a makon Inna ta aiko mini da ƙuli da albishir: autanmu ya ci jarrabawa, an ba shi makarantarmu, zai shiga aji ɗaya in an dawo hutu. Yaron da ni na goya shi, wanda ko allura za a yi masa sai an danne shi. Ƙulin nan ban iya cin sa ba, rabar da shi na yi. Duk inda na juya sai in ga bayan autanmu a ƙarƙashin dorina, dorinar kuma a hannun mutumin da na tsiyayar wa ido.

Ranar gamawa, bayan azahar, shugaban makaranta ya tara mu ya yi ta jawabi. Mu ne manyan gobe, ƙasa tana hannunmu, abin da muka shuka shi na baya za su girba. Abokaina suna ta hamma suna rubuce-rubuce a rigunan juna, ni kuwa maganar ta zo mini daidai. Na ce a raina to ga hujja ta samu: zan kashe al'adar nan, in jefa dorina a masai, a ce ni ne jarumin da ya gyara makaranta. Har na fara jin kaina ya kumbura.

Bayan la'asar aka taru a gindin darbejiya, 'yan aji shida gefe guda, 'yan aji biyar gefe guda. Bafulatanin ya tuɓe riga ya rungumi bishiya ba tare da an ce masa komai ba. Ni kuma na ɗaga dorina sama na ce, "Jama'a, daga yau an gama. Ba zan dake shi ba, ba kuma zan ba shi ba. Masai za ta."

Na juya na nufi bayan gida. Ko taku goma ban yi ba aka yi mini ƙafa na kifa. Wanda ya fara kai mini naushi abokina ne, wanda muka shekara shida muna cin abinci a kwano ɗaya.

"Sai da ka gama more ta za ka zama waliyyi?" in ji shi. "Mu da aka fasa wa baya, a banza aka fasa ke nan?"

'Yan aji biyar suka fi su zafi. Shekara biyar suna shan duka suna jiran ranarsu, ga wani zai zuba ta a rami. Suka rufe ni, wannan da ƙafa, wannan da bel, wani da guntun bulo. Na ji haƙorina na gaba ya karye, na tofar da shi tare da ƙasa. Wani ya take mini yatsu don in saki dorinar, na ƙi, na kwanta a kanta. Da aka sake ɗaga bulon nan saitin kaina, sai jarumtar ta gudu ta bar ni, gaskiya ta fito da kanta.

"Ku yi wa Allah! Ƙanena ne zai shigo! Autanmu ne!"

Aka dakata da dukan. Bafulatanin ya saki bishiyar, ya tako a hankali, mutane suka buɗa masa. Ya tsuguna a gabana yana kallona da idonsa guda.

"Siniya," ya ce, "ashe ba don mu ba ne."

Ya zare dorinar daga ƙarƙashina, ya sa mini ita a hannu, ya koma ya rungumi darbejiya. Ya ce a ɗaga ni in cika al'ada, ba zai karɓi sarautar da ba a biya ta da baya ba. Aka ɗaga ni. Da bakina cike da jini na zuba masa sha biyun nan, ana ƙirgawa da ƙarfi, ko motsi bai yi ba. Da na miƙa masa ita, na kama hannunsa na ce, "Don girman Allah, bayan yaron nan amana ne."

"Na ji," ya ce. "Ba zan taɓa bayansa ba."

A gida na ce daga babur na faɗo. Zangon nan gaba ɗaya ban yi barcin kirki ba. Ina taya Baba girbin dawa, amma hankalina yana Rano. Na so in ce a canza wa yaron makaranta, sai dai dole in faɗi dalili, dalilin kuwa ni ne.

Ranar da aka ba su hutu, tun kafin autanmu ya ajiye akwati na ja shi cikin ɗaki na ɗaga rigarsa. Bayan nan sumul, ko ƙwarzane babu. Na zauna a bakin gado, na yi ta hamdala, har da hawaye.

"Yaya, lafiya?"

"Lebo bai taɓa dukanka ba?"

Ya yi dariya. "Ni? Ai ni ɗan ɗakinsa ne. Tun ranar farko ya tambayi wane ne ƙanenka, ya ce in dawo kusa da gadonsa. Ni nake riƙe masa dorina, duk inda za shi ina bayansa. In zai daki mutum ni nake miƙa masa, ni nake ƙirgawa. In hannunsa ya gaji, sai ya ce in ƙarasa."

"Ka ƙarasa me?"

"Dukan mana. Har 'yan aji uku na zane, Yaya. Ya ce hannunka gare ni, a jini abin yake."

Ya fita yana tsalle. Ina zaune na jiyo Inna tana yi masa sannu da zuwa, tana cewa makaranta ta karɓe shi, har ya yi ƙiba. Can sai na ji akuyarmu ta ƙwalla ƙara. Na leƙa. Ya tsinko igiyar guga ya ninka ta biyu, ya matse akuyar a jikin turke, yana zuba mata yana ƙirgawa. 'Yar maƙwabtanmu, 'yar shekara biyar, ta zo da gudu ta ce ya bari. Ya juyo ya ɗaga igiyar a kanta, ya karkata kafaɗa, ya ciji leɓensa na ƙasa, daidai yadda nake yi.

Na yi tsalle na riƙe hannunsa. Ya ɗago ya dube ni, babu tsoro a fuskarsa, sai mamaki.

"Yaya, ba haka ake riƙewa ba?"