Ranar da Inna ta Kira Sunan Yaya

Wata Talata ce a farkon damina, shekarar da nake famfara, tun Nasara ba su san hanyar Birnin Gwari ba. Muna zaune gindin rumbu muna shan kaɗanyar da muka tsinto a bakin kurmi, sai yayana Isiyaku ya tofo haƙori a tafin hannunsa. Babban matauni ne, lafiyayye, ya fita kamar an zare gyaɗa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na kwarma ihu. Dama kuncinsa ya ɗan kumbura, Kaka ta ce hangum ne, ta shafe shi da shuni, mu kuwa muna ta tsokanarsa muna ce masa mai goro a kumatu. Daga ranar babu wanda ya ƙara dariya.

Yaya ɗan fari ne, saboda haka ɗakin Kaka ya tashi tun yaye. Inna ba ta kama sunansa, ba ta zama inda yake, ko ido ba ta haɗawa da shi. Kunya ke nan, haka kowace uwa ta gari take yi a lokacin. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan".

Kafin gero ya fid da kai, kumburin ya kai girman ƙwarya ƙarama, ya karkatar da bakinsa, ya turo idonsa na hagu waje. Wayyo, yaron da ke riga kowa hawa ɗorawa! Wanzami ya tsaga, jini kawai ya fito. Malam ya yi rubutu. Baba ya taka har Dogon Dawa ya ɗauko wata tsohuwa Bagwariya mai sassaƙe, ta duba, ta girgiza kai ta ce, "Wannan daji ne, ya fi ƙarfina." Baba ya bar gona, maƙwabta suka yi masa gayya suka nome ta. Kaka na ɗura wa Yaya kunu da bakin ludayi, ni ina korar ƙuda.

Kunun kuwa Inna ke damawa. Ta tace, ta sake tacewa, ta fifita, sannan ta miƙo mini tana kallon gefe: "Kai wa wancan." Wallahi haushinta nake ji. Ina ganin jikin Yaya na ƙarewa, kullum idonsa mai lafiyar yana kan ƙofa, ita ko tana tsakar gida tana daka kamar ba ita ta haife shi ba.

Wani hantsi a lokacin kaka, ɗakin cike da mata 'yan dubiya, Yaya ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Ina Inna?" Na fita a guje na faɗa mata. Ta tsaya da taɓarya a sama. Sai ta jingine ta, ta shigo gaban Kaka surukarta, gaban Baba, gaban kowa, ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta ta ce, "Isiyaku." Mata suka ɗauki salati, wata ta dafe ƙirji. Kaka ta miƙe ta ce, "Ku fito ku ba su wuri." Ina bakin ƙofa na ji ya ce, "Inna, ashe kin san sunana?" Ta yi ta maimaita shi tana shafa kansa, har ya cika kafin azahar.

Yanzu na tsufa, ina jin jikokina mata suna ƙwala wa 'ya'yansu na fari kira har a bakin rijiya, tsararrakina na tsaki wai kunya ta ƙare a duniya. Ni kuwa ranar nan nake tunawa. Inna ta yi shekara goma tana haɗiye sunan ɗanta, yini guda ma bai cika ba aka ba ta ta faɗa.