Jirgin da Ba Inji a Saman Khumra

A unguwar Bani Malik aka haifi Abdulwahid, ɗan Othman mai gyaran takalma, dab da filin jirgin Jidda, inda ake yanke magana sai ƙarar jirgi ta wuce. Mutanen unguwa direban tankar ruwa suka san shi, mutum mai rowar magana. Kaɗan ne suka san ya taɓa tuƙa jirgin sama, wanda ko inji ba shi da shi.

A 1963, yana ɗan shekara sha shida, wani Bature injiniyan hanya da kowa ke kira Hawaja ya harhaɗa jirgi na katako da yadi a filin gishirin Khumra, kudu da gari. Mota ke jan sa da doguwar waya har ya ɗaga, matuƙi ya saki wayar, ya rage daga shi sai iska. Abdulwahid kallo ya je, to ka san yaro da naci, kafin a ankara yana kujerar gaba. Wata bakwai Hawaja na bayansa yana masa tsawa da gurgun Larabci.

"Dubi tsuntsaye," in ji Hawaja. "Inda suke kewayawa, nan iska mai zafi ke hawa. Ka shiga cikinsu, za ta ɗaga ka. Amma kada ka kuskura ka sauka can cikin gishiri, ƙarƙashinsa taɓo ne."

Da ya kawo wa mahaifiyarsa Zakiya wannan ilimi, ko dariya ba ta yi ba. "Hawajanka bai san kome ba, ya waladi, ɗana. Ungulu ba ta jewar banza."

Ba laifinta ba ne, hankalinta a tashe yake. Mijinta Othman ya haye teku zuwa Sawakin don ya ɗauko tsohuwarsa Larai, makauniya, wadda ta shekara ashirin a Sudan tana jiran ranar ganin Makka. Ba ta da takarda, dole sai ta kwale-kwale. Masu kwale-kwalen kuwa, Allah ya isa, sukan sauke mutane a gaɓar da ba kowa, su nuna musu arewa su ce Jidda tana bayan tudun can. Wasiƙar Othman ta ce za su iso farkon wata. An ci kwana sha tara, shiru.

A wannan makon, ranar Juma'a da hantsi, Hawaja ya ce, "Yalla, yau kai kaɗai." Mota ta ja, jirgi ya ɗaga, Abdulwahid ya saki waya. Can kudu, wajen teku, ya hango ungulaye suna kewayawa, nesa da iyakar da aka yi masa. Ya nufe su, ya shiga cikinsu, iska ta tallabe shi. Sai ya lura ko ɗaya ba ta kula shi ba, duk sun sunkuyar da kai suna duban ƙasa.

Jirgin da ba inji ba ya ɓoye maka sauti. Nan ya ji talbiya: "Labbaika Allahumma labbaik." Muryoyi da yawa, a hankali, da karin harshen mutanenmu, kamar a bayan kujerarsa suke. Ya leƙa, ba kowa sai farin gishiri. Sannan cikin muryoyin wani ya yi tari, gajere sau biyu, irin wanda babansa ke yi kafin ya fara karatu. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, kuma ya san in ya sauka nan shi da tashi sama sun rabu ke nan. Ya tura sandar tuƙi gaba.

Gishiri ya fashe a ƙarƙashinsa, fiffike ɗaya ya karye. Jirgi na tsayawa, talbiyar ta ɗauke.

A bayan wani ɗan tudu ya same su, mutum tara cikin harami, a kwance. Warin ya gaya masa ba yau suka cika ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba fuska, babu babansa. Sai ya ga mayafin baban, mai ratsin kore, an kafa shi a kan sanduna biyu. A inuwarsa wata tsohuwa ke jingine, idanu fari fat, leɓe a tsattsage. Bai taɓa ganin kakarsa ba, amma bai buƙaci a gaya masa ba. Ta lalubi fuskarsa tun daga goshi har haɓa.

"Othman," ta ce da ƙyar, "ka samo ruwan?"

Gora ɗaya ce a cikin jirgin. Ya ɗauko, ya tallabi kanta. "Na samo, Inna."

Da la'asar Hawaja ya iso da mota. Ya dubi fiffiken, ya dubi gawarwakin, ya cire hularsa. Daga ranar ba a sake ganin jirgin ba. Maza daga Bani Malik suka kwana uku suna bin sawun Othman arewa, har inda gishirin ya yi tauri sawun ya ɓace. Da Larai ta murmure, Abdulwahid ya tambaye ta su wa ke talbiya ranar da ya zo. Ta ce kwana biyu kafin nan ba wanda ya rage da yawun yin magana.

Ta sauke farali a shekarar, shi ya goya ta a ɗawafi. Ta ƙara shekara tara a gidan, kuma ba a sami mai ƙarfin halin gaya mata ɗanta bai dawo ba. Kullum da safe sai ta kira, "Othman." Zakiya ta tashi ta bar ɗakin, shi kuma ya matso ya ce, "Na'am, Inna."