Intanet Ba Ta Son Kwantai

Kusa da tashar mota akwai wata dattijuwa mai gasa burodi, gajeriya, da fulawa har a gira. Kullum da safe takan goge kyamarar wayarta da bakin mayafi, ta ɗauki hoton burodin farko yana tururi, ta ɗora a shafinta. Ina jin jikanta ne ya koya mata.

"Ɗana, intanet ba ta son kwantai," in ji ta. "In ban sa sabo ba, duk wanda ya bincika burodi a waya, maƙwabcina zai fara gani."

Mijinta na gyangyaɗi a benci. Na ce, "To Baba fa?"

Ta kwashe da dariya, ta gyara masa hula. "Wannan ya daɗe da yin kwantai, amma a wajena kullum shi ke fitowa farko."